JIKIN MA'AIKACI BA KAYAN KAMFANI BA NE

Wannan ita ce laccar da aka yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa a taron reshe na makon jiya. Mun buga ta ɗungum domin waɗanda ba su sami halarta ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa na rumfa.

Shugaban taro, dattawa, iyayenmu mata, 'yan'uwana talakawa, 'yan kasuwa da 'yan dako da leburori, barkanku da yamma. Na san waɗansunku sun rufe rumfa tun la'asar ba ta yi ba, waɗansu kuwa sun bar ciniki a hannun yara, saboda haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Labarin da na kawo muku yau daga nesa ya fito, daga Amurka da ƙasashen Turai. A can waɗansu kamfanoni sun soma wani abu da kakanninmu ba su taɓa jin irinsa ba. Maimakon su ba ma'aikaci katin shaida ya rataya a wuya, ko mabuɗi ya sa a aljihu, sai su kira mai allura ya cusa masa wata 'yar ƙwaya a cikin fatar hannunsa. Da ita zai buɗe ƙofar ma'aikata, da ita za a san ya zo, da ita zai sayi abincin rana.

Wani zai ce, "Malam, mu da mu ke fama da kuɗin rumfa da tsadar masara, ina ruwanmu da hannun Bature?" To, ku yi mini haƙuri ku saurara. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wace dabarar tsare ma'aikaci masu kuɗi suka taɓa ƙagowa da ta tsaya a garin da aka ƙago ta?

MECE CE ƘWAYAR?

Girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Tsawonta kamar milimita 12, kaurinta kamar milimita 2. 'Yar kwalba ce ta gilashi a toshe. A cikinta akwai ɗan ƙarfe, ɗan'uwan wannan da ku ke gani a jikin katin banki, da siririyar waya a nannaɗe. Da wata allura mai faɗin baki a ke tura ta ƙarƙashin fata, yawanci a naman da ke tsakanin babban yatsa da ɗan ali. Aikin ba ya cin minti biyu.

Ba ta da batir, ba a yi mata caji. Tana nan kwance shiru har sai an kawo hannu dab da wata na'ura da a ke kafewa a jikin ƙofa. Na'urar ce ke ba ta ƙarfin lantarki na ɗan lokaci, ita kuma ta faɗi lambar da ke cikinta. Ku da ku ke karɓar kuɗi da na'urar POS kun ga irin katin da a ke ɗorawa kawai ba sai an zura ba. To, aikin ɗaya ne, sai dai wannan katin a cikin nama ya ke.

Ga abin da na ke so ku riƙe. Abin da ƙwayar ke faɗi lamba ce. Littafin da ke bayyana mai lambar, da ƙofar da ya buɗe, da sa'ar da ya buɗe ta, yana cikin kwamfutar mai kamfani. Watau shaidar tana jikinka, littafin yana hannun wani.

Kafin a zo kan mutane, dabbobi a ke sa wa ita. A Ingila tun watan Afrilu na 2016 doka ta tilasta wa duk mai kare ya sa wa karensa, don in ya ɓace a san mai shi. Ku lura da wannan kalma: mai shi.

YADDA ABIN YA FARO

A shekarar 1998 wani shehun malami na Jami'ar Reading a Ingila, Kevin Warwick, ya sa aka dasa masa irin wannan ƙwaya a hannu don gwaji. In ya doshi ƙofa ta buɗe, fitila ta kama. Bayan kwana 9 aka cire. Wannan malami ne, jikinsa ne, shi ya ga dama. Ba mu da ja.

A 2004 hukumar kula da abinci da magani ta Amurka ta yarda a riƙa sa wa mutane wata mai suna VeriChip, wai don in marar lafiya ya suma likita ya san ko wane ne. A cikin shekarar nan babban lauyan gwamnatin Meksiko, Rafael Macedo de la Concha, ya bayyana cewa shi da waɗansu ma'aikatansa an sa musu ita don shiga wani ɗakin sirri. A 2006 wani kamfanin tsaro mai suna CityWatcher a birnin Cincinnati na Amurka ya sa wa ma'aikatansa 2, don su riƙa shiga ɗakin da a ke ajiye hotunan da kyamarori suka ɗauka. Kun ga yadda ta ke tafiya: daga kare zuwa malami mai gwaji, daga marar lafiya zuwa mai neman abinci.

VeriChip ba ta yi kasuwa ba, a 2010 aka daina yin ta. Amma maganar ba ta mutu ba. A 2015 wani gidan ofisoshi mai suna Epicenter a Sitokholm, babban birnin Suwidin, ya soma sa wa masu aiki a cikinsa da suka ce suna so. Zuwa 2017 sun kai kimanin 150, har biki a ke shiryawa a ci a sha a yi allura. A 2017 ɗin kamfanin jirgin ƙasa na Suwidin ya soma karɓar ƙwayar a maimakon tikiti. Zuwa 2018 jaridu sun ce mutanen ƙasar da ke ɗauke da ita sun kai tsakanin 3,000 da 4,000.

Wanda ya fi tayar da ƙura kuwa shi ne na ran 1 ga Agusta, 2017. Wani kamfani mai suna Three Square Market, a garin River Falls cikin jihar Wiskonsin ta Amurka, ya yi bikin allura ga ma'aikatansa. Suna da ma'aikata kimanin 80, fiye da 50 suka rubuta suna. Kamfani ya biya dala 300 a kan kowace ƙwaya. Da ita su ke buɗe ƙofa, su shiga kwamfuta, su sayi abin taɓawa a kantin ma'aikata. Sana'ar kamfanin nan kuwa ita ce sayar da irin kantunan da ba su da mai jira, mutum ya ɗauki kaya ya biya na'ura. Ku 'yan kasuwa ne, ba sai na fassara muku ba. Da hannun yaransa ya yi tallar hajarsa, duniya duka ta ji sunansa.

MU FARA WATSAR DA ƘARYA

Kafin in faɗi aibin abin, bari in kawar da jita-jita, gama wanda ya shiga faɗa da ƙarya a bakinsa ya riga ya ba abokin gabansa sanda.

Ana cewa da ƙwayar nan tauraron ɗan Adam zai riƙa bin mutum duk inda ya shiga. Ƙarya ne. Na gaya muku ba ta da batir, kuma in ba an kawo hannu kamar faɗin yatsu biyu ko uku da na'ura ba, ba ta motsi. Wayar da ke aljihunka yanzu ta fi ta tona asirin inda ka ke nesa ba kusa ba. Ba ta jin magana, ba ta karanta zuciya, ba ta juya hankalin kowa.

Sa'an nan a 2020 da 2021, lokacin annobar korona, an yi ta yaɗa cewa wai ana ɓoye irin wannan ƙwaya a cikin allurar rigakafi. Wannan ma ƙarya ce. Allurar rigakafi siririya ce, ƙwayar shinkafa ba ta bi ta cikinta. Iyayenmu mata, kada wani ya fita daga taron nan ya ce an hana kai yara rigakafi. Ku kai su. Ƙyanda da shan inna ba su san jam'iyya ba, kuma 'ya'yan talaka su ke fara ci.

To, in ba ta bin sawu, ba ta tsafi, ina aibinta? Aibi huɗu zan lasafta muku.

NA FARKO: BA A TUƁE TA

Mai gadi in ya tashi aiki ya kan tuɓe rigar kamfani ya rataye. Akawu ya kan ajiye mabuɗi. Ɗan dako ya kan jingine baro ya tafi gida. Daga sa'ar nan shi mutum ne na kansa, mijin matarsa, uban 'ya'yansa. Abin da ya sayar wa ubangidansa ƙarfinsa ne na awa kaza a kan kuɗi kaza, ciniki kuwa ya ƙare sai gobe.

Mai ƙwaya a hannu fa? Da shaidar kamfani zai ci tuwo, da ita zai yi alwala, da ita zai ɗauki jaririnsa, da ita zai kwana. Ran da aka sallame shi kuwa, mabuɗi a kan miƙa a tebur, amma wannan sai an tsaga fata an tono ta. Wa zai biya mai tsagawa? In kamfanin ya karye, masu shi suka watse, wa zai nema? Ga VeriChip nan, an daina yin ta tun 2010, waɗanda aka sa wa kuwa duk wanda bai nemi likita ya cire masa ba tana nan a jikinsa.

Mun san yadda a ke yi wa shanu da raƙuma shaida a jiki, mun kuma san dalili: don a san na wane ne. Duk shaidar da ba ta tuɓuwa maganar mallaka ta ke yi, ko da an yi ta da gilashi mai tsabta, ana kiɗa ana raba lemo.

NA BIYU: WAI DA SON RANSU

Duk kamfanonin nan amsa ɗaya su ke bayarwa: "Ba mu tilasta wa kowa ba, su suka ce suna so." Ni ban ƙaryata su ba. Amma mu duba son ran nan da kyau.

A River Falls fiye da 50 sun yarda. Ku tuna da sauran da suka rage. Shugaban kamfani ya sa, manyan ofis sun sa, 'yan jarida sun zo da kyamarori ana tafi. Kai kana gefe da katinka a wuya. Ba wanda ya zage ka. Amma ran da za a ƙara girma, wa za a tuna? Ran da ciniki ya ja baya za a rage mutane, sunan wa zai fara zuwa a zuciyar manaja? Ba sai ya faɗa ba, kai ma ka sani, shi ma ya san ka sani.

Wannan fa a ƙasar da mutum in ya bar aiki yana iya samun wani ke nan. Ina ga wurin da samari ke cika ƙofar ma'aikata tun asuba saboda gurbin mutum ɗaya? A ce wa yaron da ya shekara uku yana yawo da takardunsa a leda, "Ga aiki, amma miƙo hannunka." Zai ce a'a? Zai miƙa hannu biyu, har ya yi godiya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yardar mai jin yunwa a gaban mai riƙe da tukunya, wannan ba ita a ke kira yarda ba.

NA UKU: LITTAFIN DA BA KA GANI

Na ce muku littafin yana hannun mai kamfani. Kowace ƙofa ka taɓa an rubuta. Ƙarfe nawa ka shigo, sau nawa ka fita salla, minti nawa ka yi a bayan gida, me ka saya ka ci, da wa kuka shiga ɗaki ɗaya ran da a ke maganar kafa ƙungiya. Gaskiya ne kati ma yana iya rubuta wannan. Amma kati kana iya barinsa a aljihun tebur, kana iya mayar musu da abinsu a ƙofa. Hannunka fa, ina za ka bar shi?

Su kan ce amfaninta shi ne ba ta ɓacewa, ba a ara wa wani, ɓarawo ba ya sata. To, a 2006 wani injiniya mai suna Jonathan Westhues ya nuna a fili cewa da wata 'yar na'ura da ya haɗa da kansa yana iya karanta lambar VeriChip daga jikin mutum, ya kwaikwaye ta, na'urar karantawa ta ɗauka mai ƙwayar ne. In an kwafi katinka, sai a ba ka sabo kafin azahar. In an kwafi abin da ke cikin namanka fa?

Ku auna cinikin nan a ma'auni irin naku. Mai kamfani ya huta da buga kati, ya sami lissafin kowane minti na ma'aikaci. Ma'aikaci kuwa me ya samu? An rage masa wahalar sa hannu a aljihu. Riba a wancan gefe, rauni a wannan gefe. Wane ɗan kasuwa ne a nan zai sallama a haka?

NA HUƊU: LAFIYA

A nan ma ba zan ƙara gishiri ba. Dubban mutane suna yawo da ita. Amma hukumar Amurka da ta ba da izini a 2004 ita da kanta ta lasafta abin da ka iya faruwa: wurin ya ƙi karɓarta ya kumbura, ko ta gusa daga inda aka sa ta, ko ta kawo matsala in za a sa mutum a babbar na'urar hoton nan ta asibiti mai aiki da maganaɗisu. A 2007 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya tono waɗansu gwaje-gwaje da aka yi a kan ɓeraye, inda ƙari ya fito wa waɗansunsu a kewayen ƙwayar. Ɓera dabam, mutum dabam. Amma marar lafiya ya kan jure allura don ya warke. Lafiyayye kuwa don me zai ɗauki kasada, ko da 'yar kaɗan ce, saboda ƙofar wani ta buɗe da sauri?

MUN TAƁA GANIN IRINTA

'Yan'uwa, na'urar ce sabuwa, niyyar tsohuwa ce, kuma baƙar fata ya san ta.

A ƙasar Kenya, zamanin mulkin mallaka, Turawan Ingila sun yi doka a 1915, suka soma aiki da ita sosai wajen 1920. Duk namiji baƙar fata da ya isa aiki sai ya rataya wani ɗan gwangwani na ƙarfe a wuyansa. Sunansa kipande. A ciki akwai takarda mai sunansa, da zanen yatsunsa, da sunan Baturen da ya ke yi wa aiki. In ubangidansa bai sa hannu cewa ya sallame shi ba, ba mai ɗaukarsa aiki a wani wuri, ɗan sanda kuma yana iya kama shi a kan ya gudu. Da wannan gwangwani aka ɗaure mutane a gonakin Turawa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Harry Thuku ya tashi yana yaƙar kipande. A watan Maris na 1922 aka kama shi, jama'a suka taru a Nairobi suna neman a sake shi, aka buɗe musu wuta, aka kashe fiye da mutum 20. Sai a 1947 aka soke dokar.

A Afirka ta Kudu kuwa littafin fasfo ne, wanda baƙar fata ba ya taka cikin birni sai da shi, da sa hannun mai ba shi aiki a ciki. Ran 21 ga Maris, 1960, mutane suka fito a Sharpeville suna ƙin littafin nan, 'yan sanda suka harbe aƙalla 69. Sai a 1986 aka soke dokokin.

Ban ce kamfanin Wiskonsin ko na Sitokholm gwamnatin mulkin mallaka ba ne. Abin da na ke cewa shi ne, duk sa'ad da aka haɗa shaidar mutum da ubangidansa aka ɗaura a jikinsa, mai ƙarfi ne ke cin riba. Mutanen Kenya sun iya tsinke igiyar gwangwani su jefar. Mutanen Sharpeville sun iya barin littafinsu a gida, waɗansu kuma suka ƙone nasu a bainar jama'a. Wanda aka sa wa a cikin nama me zai ƙone?

ABIN DA MUTANEN CAN SUKA YI

Kada ku zaci talakawan can sun naɗe hannu. A 2006, shekarar da labarin Cincinnati ya fito, majalisar jihar Wiskonsin ta yi doka: ba mai ikon tilasta wa wani ya sa ƙwayar nan, wanda ya yi kuwa tarar da za a ci shi tana iya kai dala 10,000, kuma kowace rana laifi ne sabo. A 2007 jihar Dakota ta Arewa da jihar Kalifoniya suka bi. Yau jihohin Amurka fiye da 10 suna da irin wannan doka.

Amma ku lura da wani abu. Wiskonsin ɗin nan da ta riga kowa yin doka, a cikinta aka yi bikin allura na 2017. Me ya sa? Domin dokar tilas ta hana, su kuwa suka shigo ta ƙofar son rai. Dokar Kalifoniya ta fi ta hangen nesa, gama ta bayyana cewa in ka ɗaura samun aiki, ko ƙarin girma, ko wata alfarma a kan sai mutum ya yarda an sa masa, to, wannan ma tilas ne. Jihar Arkansas kuma a 2019 ta ƙara da cewa kuɗin sawa da na cirewa duk a wuyan mai kamfani su ke.

A Ingila, cikin watan Nuwamba na 2018, labari ya fito cewa wani kamfani mai suna BioTeq ya riga ya sa wa mutum 150, ana kuma tallata abin ga manyan kamfanoni. Nan da nan babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasar, TUC, a ƙarƙashin Frances O'Grady, ta fito ta yi kashedi cewa wannan zai ƙara wa iyayen gida ƙarfi a kan ma'aikata. Har ƙungiyar masu kamfanoni ita ma ta nuna abin bai kwanta mata ba. Har yau ƙwayar ba ta zama ruwan dare a ma'aikatun duniya ba. Masu ita 'yan kaɗan ne, kuma tashin da mutane suka yi tun da wuri yana cikin dalilai. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

MU FA?

Mu ma mun san yadda lamba ke zama igiya. A 2014 aka kawo lambar banki ta BVN, aka ɗauki zanen yatsunmu. A watan Disamba na 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN. A watan Afrilu na 2022 aka toshe kira ga waɗanda ba su haɗa ba. Ba mu ce ƙasa kada ta san 'ya'yanta ba. Amma wa ya kwana a layi cikin rana? Wa ya rufe rumfa kwana uku? Cinikin wa ya tsaya da layinsa ya mutu? Babban mutum har gida a kan je a yi masa. Darasin shi ne, abin da aka ɗaura wa hanyar cin abinci ya zama dole ko ba a kira shi dole ba, kuma talaka ke fara biya.

Muna da abin tsayawa a kai. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kiyaye mutuncin kowane mutum. Sashe na 37 ya kare sirrin ɗan ƙasa. A 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ce yarda sai ta zama ta son rai. Amma mun daɗe da sanin cewa doka a takarda ba ta tashi da ƙafarta ta zo kasuwa. Saboda haka ga abin da na ke roƙon wannan taro ya amince da shi, mu aika wa wakilanmu a Majalisa da ƙungiyoyin ƙwadago:

Na ɗaya, a rubuta ƙarara cewa ba mai ba da aiki, gwamnati ko kamfani ko ɗan kwangila, da zai nemi a dasa wa ma'aikaci wani abu a jiki don shaida.

Na biyu, a rufe ƙofar son rai. Kada a tambayi mai neman aiki, kada a ƙara wa wanda ya yarda ko kwabo, kada a rage wa wanda ya ƙi.

Na uku, duk abin da a ke rubutawa a kan ma'aikaci, ta kati ne ko ta zanen yatsa, yana da ikon ya gani, ya gyara kuskure, a kuma shafe shi bayan ya bar aiki.

Na huɗu, tarar ta zama mai zafi, wadda babban kamfani zai ji a jikinsa, kuma ma'aikaci ya iya kai ƙara ba tare da ya sayar da akuyarsa ya ɗauki lauya ba.

Sauran magana ɗaya, kuma a kanmu ta ke. Da yawa cikinku iyayen gida ne, kuna da yaran shago da 'yan aike. Wanda ya karɓe katin ɗan ƙasa na yaronsa ko takardar makarantarsa ya kulle a akwati don kada ya bar shi, to, kipande ya rataya masa, ko bai taɓa jin sunan ba. Gobe da safe ya buɗe akwatin ya mayar masa da abinsa. In kana tsoron yaro zai cuce ka, ku yi yarjejeniya a gaban shaidu da shugaban layi, kamar yadda iyayenmu suka saba. Ba za mu yi kuka da zaluncin manya ba alhali muna yin ƙaraminsa a rumfa.

'Yan'uwana, talaka ba shi da gidan sama, ba shi da hannun jari, wani ma ko gona ba shi da ita. Abin da ya rage masa shi ne jikin nan da Allah ya ba shi amana. Da shi ya ke dako, da shi ya ke noma, da shi ya ke sujada. Ƙarfinsa ya kan sayar daga safe zuwa yamma, amma jikin ba ya cikin ciniki. Duk wanda ya zo muku da allura a hannu ɗaya, takardar aiki a ɗaya hannun, ku ce masa ya kawo kati, aljihunku yana nan.

Ku kai maganar nan layinku, ku gaya wa waɗanda ba su zo ba. Allah ya tsare mana mutuncinmu, ya ba talaka sawaba.